Keken Sucre da Shirun Alhaji

Ku 'ya'yan Hadiza, wannan babin naku ne, kuma da gangan na rubuta shi da Hausa. Kuna jin ta sarai, amsawar ce kuke yi da Turanci, don haka ku zauna ku sha wahalar karantawa. Bara da kuka zo hutu nan Sterling, ina kicin na ji Amina tana gaya wa ƙaninta wai ai babansu ne ya kusa kashe kakansu Alhaji da keke. Ludayi na hannuna, saura kaɗan in yi jifa da shi. Ban ce mata komai ba, don na san bakin da maganar ta fito, kuma ba bakin yarinya ba ne. Ƙarya ce aka yi wa ubanku, an daɗe ana yi, kuma ina wurin abin ya faru. Ba zan shiga kabari in bar ku da ita ba.

Ubanku Ramiro a Sucre aka haife shi, wani tsohon birni a kan duwatsun ƙasar Bolibiya, aka kawo shi Virginia yana ƙarami. Ya musulunta tun yana jami'a, kafin ya san akwai wata Hadiza a duniya, sai aiki ya haɗa su a ofis ɗaya a Alexandria. Da ya zo neman aure kakanku bai ja ba, wannan kam zan ba shi. Ya tambayi addininsa, ya tambayi aikinsa, ya ce a sa rana. Matsalar daga yayar kakanku ta fito, wadda kuke kira Goggo Asabe. Ta zo Silver Spring rainon jikokinta ne, aka yi raino aka gama, ita ba ta koma ba, ta zama alƙaliyar kowane gidan Bahaushe daga Maryland har Virginia. Ita ta ce ba za a ba baƙo 'ya ba sai an koya masa yadda ake zama da suruki. Ta zaunar da shi a falona, ƙato da shi, ya durƙusa a kan kafet, Hadiza tana fassara masa.

"Ba a ci ko a sha a gaban suruki," in ji Yaya Asabe. "Ba a kallon idonsa. Ba a yi masa tambaya. In kuna tafiya, kana bayansa. Ko bango ya nufa, kai dai bi, kada ka kuskura ka shiga gabansa."

Na ce, "Yaya, yaron nan a Amurka ya tashi, a sassauta masa mana."

Ta ce, "Ke Rakiya, ai sassaucinki ne ya sa kike kiran sunan 'yar fari gatsal kamar sa'arki. Bar ni in gyara abin da ya saura."

Gaskiyarta a nan, ina kiran sunan Hadiza. Ni na yar da kunyar ɗan fari tun ranar da na kai ta asibiti malamar jinya ta tambaye ni sunanta, na tsaya ina kallon silin kamar wadda ta sato yarinya. Amma kakanku bai yar ba. Injiniya ne, yana kula da manyan na'urorin kwamfuta a wani gini kusa da filin jirgi, Turawa na yi masa ladabi, amma bai taɓa kiran sunan 'yarsa ba, kuma ba ya yi mata magana kai tsaye in ina kusa. Sai dai, "Ki gaya wa yarinyar nan." Shi kuwa ubanku, mutum ne da in aka ba shi ƙa'ida yake riƙe ta da hannu biyu. Ya ɗauki karatun Yaya Asabe kamar wahayi.

Bayan biki mahaifiyarsa ta aiko tana so ta ga surukanta. Ta koma Sucre da zama, ƙafa ta hana ta tafiya mai nisa. Muka tafi mu huɗu, ni da Alhaji da Hadiza da Ramiro. Ban taɓa ganin gari irinsa ba. Duk ginin tsakiyar birni fari ne fat, rufin jan ƙasa, ƙofofin katako manya masu ƙusoshi, sararin sama kuma shuɗi har yana sa ido ruwa. Amma iskar garin ba ta ƙosar da mutum. Ka ja numfashi ka cika ƙirji, ka ji kamar an ba ka rabin kwano. Matakalar masaukinmu 'yar kaɗan ce, sai da na tsaya a tsakiya na dafa bango. Mahaifiyar Ramiro ta dafa mana shayin wani ganye, ta ce ta bakin ɗanta mu huta sosai, baƙo ba ya gaggawa a garin nan.

To ku buɗe kunne, nan ne ƙaryar ta fara. Ubanku mota ya shirya mana, a zaga da mu gari a zaune. Kakanku ne ya leƙo daga ƙofar masauki washegari da safe ya ga wasu Turawa sun jeru a kan kekuna, da hular kwano, wata mata tana gaba tana yi musu jagora. Nan take idonsa ya yi haske. Ya ce shi da ya yi shekaru yana zuwa makaranta a keke daga ƙauyensu har Malumfashi, ba za a zuba shi a mota kamar buhun masara ba. Na ga Ramiro ya ja Hadiza gefe yana yi mata raɗa. Ta zo ta tsaya gaban ubanta.

"Abba, ya ce ya yi wuri. Jikinmu bai saba da tudun ba tukuna, a bari sai an kwana biyu."

Bai dube ta ba, ni ya duba.

"Ki gaya wa yarinyar nan, ina hawan keke tun ba a haifi uban mijinta ba."

Shi ke nan aka yi hayar kekuna. Ni ma na hau, kada ku yi dariya. Na koya a keken mahaifina a Zariya a ɓoye, na sha duka a kai, kuma ashe ƙafa ba ta mantuwa. Na sa wando a ƙarƙashin doguwar riga, na ɗora hular kwano a kan ɗankwali, Hadiza tana ta ɗaukata hoto. Mai yi mana jagora sunanta Wilma, gajeriya, mai fara'a, tana jin Turanci. Kafin mu tashi ta ba kowa gorar ruwa, ta ce a riƙa sha ko ba a jin ƙishi, wanda ya gaji kuma ya ɗaga hannu a tsaya, ba abin kunya ba ne. Ta so Ramiro ya zo gaba kusa da ita tunda ɗan gari ne. Ya ƙi, ya ce shi a baya zai tsaya. Aka jeru, Wilma, ni, Hadiza, wasu Turawa mata da miji, sai Alhaji, sai ubanku a can ƙarshe, a bayan surukinsa kamar yadda aka koya masa.

Da farko na ji daɗin abin, ba zan ɓoye ba. Muka bi wani titi mai faɗi zuwa dandalin tsakiyar gari, inda tsofaffi ke zaune a inuwa ana goge musu takalma. Wilma ta nuna mana gidan da aka sa hannu a kan 'yancin ƙasar, ta nuna mana majami'u da suka girmi kakan kakana. Ta ce da azurfar wani dutse da ke wani gari can sama aka gina duk wannan farin birni, kuma har da baƙaƙen fata aka kawo daga Afirka aka sa su bauta a harkar. Na tsaya ina kallon bangon, na daina ganin kyansa na ɗan lokaci. Daga nan muka gangara kasuwa. Matan ƙauye da kitso biyu har gadon baya, da 'yar hula a ka, sun goya 'ya'yansu da zane mai launi kamar yadda muke yi. Wata ta ga ɗankwalina a ƙarƙashin hular kwano ta yi dariya, ni ma na nuna hularta na rama.

A kasuwar aka tsaya wurin masu matse lemo da gwanda. Kowa ya karɓi kofi. Na waiwaya na ga abin da har yau in na tuna raina ke ɓaci. Ubanku ya koma bayan wani ginshiƙi da kofinsa a hannu, bai sha ba, don kada surukinsa ya gan shi yana sha. Kakanku kuma yana tsaye riƙe da keke, leɓensa ya bushe ya yi fari, gorarsa a cike, shi ma ba zai ɗaga kai ya kwankwaɗi ruwa a gaban mijin 'yarsa ba. Manyan mutane biyu masu digiri, rana na dukansu, kowa na jiran ɗaya ya ɓace. Na kai masa kofina.

"Alhaji, sha wannan."

"Ba na jin ƙishi."

"Lafiya kuwa? Fuskarka ta canza."

"Lafiya lau. Ki kula da gabanki, kada ki kunyata mu ki faɗi."

Ashe tun a nan ciwon ya kama shi, a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. Da bakinsa ya gaya mini daga baya a gadon asibiti, ba wani ya ba ni labari ba.

Zangon ƙarshe hawa ne zuwa wani tudu inda ake hango birnin duka. Titin na duwatsu ne jere, ya miƙe sama kamar tsani. Wilma ta ce duk mai so ya sauka ya tura kekensa, haka kowa ke yi. Na sauka, Hadiza ta sauka, Turawan nan da ƙafafunsu kamar na 'yan ƙwallo su ma suka sauka. Muka sha kwana muna turawa, muna haki, ba mu ganin na baya. Kakanku bai sauka ba. Daga baya ya ce mini yana jin ƙarar kacar yaron a bayansa, yaya za a yi ya sauka suruki na kallo. Shi kuma ubanku yana ganinsa yana tangaɗi, hannu ɗaya a sitiyari ɗaya a ciki. Sau ɗaya ya karya dokar Yaya Asabe, ya matso kafaɗa da kafaɗa ya ce da 'yar Hausarsa, "Abba, mu tsaya." Kakanku ya watsa masa wani kallo, yaron ya ja baya. Sai ya yi dabara. Ya sauka daga nasa keken, ya zauna a bakin titi yana haki na ƙarya, yana ɗaga hannu, wai shi ne ya gaji, don tsohon ya sami hanyar tsayawa ba tare da ya ji kunya ba. Wane ɗa ne zai yi wa ubansa fiye da haka? Kakanku ya waiwaya, ya ga saurayi ya zube, sai ya ƙara danna feda.

Ya wuce ni ina tura nawa, ko kallona bai yi ba. Na ƙwala masa kira, ya yi kunnen uwar shegu. Da na iso saman tudun, akwai wata doguwar baranda mai ginshiƙai farare, birnin na shimfiɗe a ƙasa. Ban kalli birnin ba. Alhaji na kwance a ƙasa ya dunƙule, keken na gefe taya na juyawa. Ubanku ne ya iso da gudu a ƙafa, ya bar kekensa a hanya. A nan ya watsar da duk karatun da aka yi masa. Ya ɗaga surukinsa ya goya shi a baya, ya gangara da shi har inda mota ke iya zuwa, Alhaji na yi masa amai a wuya.

A asibiti likita ya tambaya ko yana da sikila. Na ce a'a, AS ne kawai, rabi, bai taɓa ba shi matsala ba. Likitan ya ce a ƙasa ba ya ba da matsala, amma a kan tudu irin wannan, ga ƙarancin iska, ga wahala, ga rashin ruwa a jiki, jinin kan toshe a saifa. Da ya tsaya tun da ciwon ya fara, ya sha ruwa, aka sa masa iska, da wataƙila an tsira da ita. Sai da aka yi masa aiki aka cire saifar. Duk wannan ubanku ne ke fassarawa, shi ne ke gudu tsakanin likita da kantin magani. Mahaifiyarsa kuma ta zo da ƙafarta mai ciwo ta zauna kusa da ni a benci. Ba ta jin yarena, ba na jin nata, ta riƙe hannuna har aka fito da shi.

Da muka dawo Virginia labarin ya riga mu isowa, kuma ya canza kaya a hanya. Yaya Asabe ta gama baza shi ta waya, daga Silver Spring har Malumfashi. Wai yaron ne ya ɗora tsoho a keke don ya nuna wa danginsa ya fi ƙarfinmu. Wai ya bar shi a baya ya yi gaba abinsa. Na yi tsammanin Alhaji na warkewa zai kashe maganar da kalma ɗaya. Na jira. Mutane na zuwa dubiya suna cewa, "Ai haka auren bare yake," shi kuma sai ya ce, "Allah dai ya kiyaye gaba." Ramiro na zuwa duk ƙarshen mako ya yanke mana ciyawa, ya kai shi ganin likita, ya dawo da shi, ba wanda ke ce wa kowa komai a motar.

Da ya miƙe sosai muka yi walimar barka da arziki a gida. Falo ya cika, maza a ciki, mata har kicin. Ubanku na zagayawa da tiren shayi, kansa a ƙasa. Sai Yaya Asabe ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ku dube shi, kamar na Allah. Ya kusa mayar da mu marayu, yanzu yana raba shayi."

Yana jin Hausa daidai wannan. Hadiza ta fito daga kicin ta tsaya a tsakiyar falo, ta dubi ubanta ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Abba, kai ka san abin da ya faru. Ka faɗa musu."

Kakanku ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Na ba shi lokaci, Allah ne shaidata, na ba shi har sai da shirun ya fara wari. Sannan na ajiye faranti na faɗi komai. Na ce shi ya zaɓi keke, an hana shi ya ƙi. Na ce ya ƙi shan ruwa. Na ce yaron ya roƙe shi ya tsaya, ya zauna a titi ya yi ƙaryar gajiya don ya rufa masa asiri, shi kuma ya mayar da abin tsere. Na juya wurin Yaya Asabe na ce ita ta koya wa yaron kada ya shiga gabansa, kada ya tambaye shi, ya bi umarninta har mutum ya faɗi, yanzu kuma ita ce ke shafa masa kashin kaji. Ta miƙe tana salati.

"Alhaji, kana zaune matarka na tona maka asiri a gaban jama'a?"

Sai a lokacin ya buɗe baki, kuma ni ya yi wa magana.

"Rakiya, ya isa."

Kalmarsa ke nan a ranar. Bai ce na yi ƙarya ba, bai ce na faɗi gaskiya ba. Mutane suka ɗauki wanda ya fi musu daɗi, wato mace ta haukace tana kare surukinta. Hadiza ta karɓi tiren daga hannun mijinta ta ajiye a tebur, ta ja shi suka fita. Kafin shekara ta zagayo sun nemi canjin aiki sun koma Seattle, iyakar nisan da ƙasar nan ta ba su dama. Shi ya sa a waya na ga haƙoranku na farko. Yaya Asabe ba ta ƙara amsa gaisuwata ba, matan masallaci suka riƙa matsawa in na zauna. Wannan bai dame ni ba kamar ɗakin da na gyara muku ya zauna a rufe.

Na tambaye shi sau ɗaya, muna mu biyu, me ya hana shi magana.

Ya ce, "So kike in tsaya gaban mutane in ce kunyar yaro ta sa na faɗi a keke?"

Na ce, "Eh, haka nake so."

Ya tashi ya shiga ɗaki. Mun ƙara shekaru tare bayan nan, ina dafa masa, ina ba shi magani, muna hira a kan komai ban da wannan. Mutumin kirki ne ta hanyoyi da yawa, bai taɓa zagina ba, bai taɓa barin mu da yunwa ba. Amma ya zaɓi girmansa a kan sunan yaron da ya goya shi, kuma kullum ya wayi gari yana sake zaɓa.

A ciwonsa na ƙarshe ubanku ya baro aiki ya hawo jirgi, ya zo asibiti kai tsaye da jakarsa. Ya tsaya a baranda bai shigo ba. Ina zaune kusa da gado da hantsi, Alhaji ya buɗe ido.

"Yaron nan ya zo?"

"Yana waje."

Sannan ya ce a hankali, "Ba laifinsa ba ne, Rakiya. Ki gaya masa."

"Ni na sani. Ba ni za ka gaya wa ba, kuma ba zan kai saƙon ba. Ga shi nan a bakin ƙofa."

Na tashi na kira shi. Ya shigo ya durƙusa a gefen gado ya gaishe shi. Na koma jikin taga na ba su wuri. Kakanku ya dubi silin, ya motsa baki, ya haɗiye. Sai ya tambaye shi ko akwai cunkoso a hanyar filin jirgi. Ubanku ya ce babu sosai. Kakanku ya ce madalla, ya rufe ido. Bai ƙara samun wata damar ba.

Ubanku na cikin waɗanda suka shiga kabari suka karɓe shi. Har yau bai san an taɓa furta waccan maganar ba, don na ce ba zan kai saƙon ba, kuma ban kai ba. Ba aikina ba ne in biya wa Alhaji abin da ya ƙi biya da bakinsa. Ina yi masa addu'a bayan kowace salla, kuma ban huce ba. Ku dai in kun gama karanta wannan, ku je ku sami ubanku ku karanta masa da Turanci, tun daga farko, kada ku tsallake ko layi ɗaya.